Yaya Bitrus da Famfon Bolari

Shekara tara ke nan da aka kashe yayana Bitrus. Har yau idan na ce wa baƙo a kan ruwa ya rasa ransa, sai ya zaci kogi ne ya ci shi. A layin jarkoki aka kashe shi, a unguwarmu ta Bolari, da rana tsaka.

A wancan lokacin famfonmu sai ya ga dama yake kawo ruwa. Wani sa'in sau ɗaya a mako, wani sa'in a yi wata yana hura iska. Ranar da ya zo kuwa, mace kan bar tukunya a kan wuta ta fito da gudu. Yaya bakanike ne, garejinsa yana kallon famfon, don haka duk rigimar layi a gabansa ake yin ta.

Ranar da abin ya faru ana tsananin zafin bazara, ruwa kuma ya daɗe bai zo ba. Wasu samari uku suka turo kura cike da jarkoki, suka yi fatali da bokitin Hajiya Ladi, tsohuwar maƙwabciyarmu Bakatsiniya. Da ta yi magana, ɗayansu ya sharara mata mari har ta faɗa kwata. Yaya ya fito da baƙin mai a hannunsa, ya ɗaga ta, ya dube su ya ce, "Wannan ta haife ku. Ku bi layi, zai kai ga kowa."

Bai rufe baki ba aka maka masa ƙarfe a ƙeya. Yana durƙushewa wani ya zaro wuƙa ya burma masa a ciki. Ina tsaye a wurin da bokitina. Na ga jininsa yana bin ruwan da ke malala, famfon yana ta zuba ba mai tarawa. Muka sa shi a keke napep, a kan cinyata ya cika kafin mu kai asibiti. Muna dawowa muka tarar mutanen unguwa sun kama ɗaya daga cikin samarin, sun fasa masa kai da bulo, sun cinna wa kurar wuta. Gawa biyu, ruwan kuma ko la'asar bai kai ba ya ɗauke.

Yanzu a unguwar Tumfure nake zaune. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga manyan gidajen da suka cinye gonaki, kowanne da tankinsa a sama. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: mai hali ya haƙa burtsatse ko ya kira tanka, marar hali yana jiran mai ga-ruwa. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi, amma har yau nakan ga mata suna ba hammata iska a kan jarka ɗaya. Ina jin Yaya ba zai ce komai ba, fitowa zai sake yi.

Bai bar mana gādon gida ko fili ba, sai halinsa. Bara na je Bolari, na tarar famfon ya kawo. Wata tsohuwa ta cika bokiti ta kasa ɗagawa, kowa ya kau da kai. Aka raɗa mini cewa ita ce uwar yaron da aka kashe da bulo. Zuciyata ta tafasa, na daɗe a tsaye. Sai na tuna ƙanwar wa ce ni. Na ajiye jakata, na kama mata, na ɗora mata a ka. Ta ce, "Allah ya ji ƙan naki, 'yata." Ba ta san ni ba. Na ce amin, da naki.