Hutun Injiniya Sada

A Sandamu ba a ce wa Kawu Sada "ya aiki". Duk wanda zai gaishe shi, daga liman har mai faci, cewa yake, "Injiniya, ya hutu?" Shi kuma ya amsa, "Hutu alhamdu lillahi." Da wannan gaisuwa na tashi, ban taɓa tsayawa na auna ta ba sai daminar bana.

Kawu Sada ƙanen mahaifiyata ne, autansu. Ya karanta injiniyancin lantarki a Zariya, ya gama daidai lokacin da wayar salula ta shigo, shekarun da ake ta ƙaddamar da shari'a jiha-jiha. Wani kamfanin waya ya ɗauke shi ya ajiye a Kano. Aikinsu kafa ƙarafunan sabis da ɗora musu na'urori. Ƙarfen da ke bayan garinmu ma shi ya tsaya aka kafa.

In ya fara labarin shekarun nan, shayinsa har hucewa yake. Ya kan faɗi yadda iska ke kaɗa ƙarfe idan mutum ya kai ƙololuwa, da yadda kake hango gonakin gero har Zango. Ya fi son labarin ranar da suka kunna sabis a Mashi: aka miƙa wa wata tsohuwa waya ta gaisa da 'yarta a Legas, sai muryar surukinta ta fito, ta yi maza ta ja mayafi ta rufe fuska. Kullum shi ke fara dariya.

Wata shekara ya dawo da iyalinsa da akwatuna, ya ce hutu ya zo. Ya karɓi gonar gado ya shiga noma. Hular kwanonsa da rigar aikinsa mai ƙyalli ya rataye su a ƙusa cikin zaure, duk Juma'a sai ya kaɗe musu ƙura. Da na girma na san hutu ba ya shekara da shekaru, sai na ba kaina fassara: shi ya ga dama ya dawo, ranar da ya so zai koma. Ai har yanzu "mutanenmu" yake cewa, da "ofishinmu".

Saboda shi na karanta abin da ya karanta. Na gama, na yi bautar ƙasa, na dawo na zauna. Waya in ta yi ƙara sai in zaci kiran aiki ne, in duba in ga talla ce.

Ana haka sabis ya ɗauke a gari. Da hantsi na hango farar mota ta tsaya a gindin ƙarfen. Na samu Kawu a gidanmu, ya leƙo gaida Inna, fartanya a kafaɗarsa.

Na ce, "Kawu, mutanenku sun zo gyara. Don Allah ka kai ni su san da ni."

Inna ta ɗago daga tankaɗe ta ce, "Musaddiq, ƙyale Auta, gona za shi."

"Inna, magana ɗaya ce fa zai yi."

Kawu ya dube ta, ya dube ni. Ya jingine fartanyar ya ce, "Bari in sa kaya."

Da hular kwano da rigar ƙyalli muka ratsa gari. Audi maigadin ƙarfen ya miƙe da ya gan mu. Cikin shingen wani matashi ne, bai fi ni da yawa ba, yana tsugune gaban akwatin na'ura da kwamfuta a cinya.

Kawu ya yi sallama ya ce, "Abokin aiki, ka fara duba janareto na biyu. Shi ke yin wannan tun asali."

Matashin bai ɗago ba. "Baba, babu janareto na biyu, sola ce yanzu. A ɗan koma bayan shinge." Sai ya ɗago, idonsa ya sauka kan rigar. "Maigadi, wane ne?"

Audi ya ce, "Injiniya ne, ranka ya daɗe. Hutu yake."

"Hutu?" Ya kira abokinsa. "Kabiru, zo ka ga tambarin nan! Baba, ai kamfanin nan tun ina sakandare ya sallami injiniyoyinsa ya ba 'yan kwangila aikin. Wannan hutu naka akwai tsawo."

Ba da mugunta ya faɗa ba, dariya kawai yake. Abin da ya tsaya mini a rai Audi ne: bai yi mamaki ba, ƙasa kawai ya duba. A nan na gane kowa ya sani. Liman ya sani, mai faci ya sani, Inna ta sani. Gari guda ya ɗauki kalma ɗaya ya lulluɓe shi da ita, ni na kawo shi inda aka yaye.

Kawu ya cire hular ya riƙe a hannu. Ya ce, "Wannan ɗan yayata ne, shi ma injiniya ne." Matashin ya ce in nemi aikin ta intanet, ya koma kan kwamfutarsa.

Muka juyo gari, hular tana hannunsa.

Washegari na same shi a teburin Maliki mai shayi. Na durƙusa, na buɗe baki, na rasa da me zan gaishe shi. Maliki ya tura masa kofi ya ce, "Injiniya, ya hutu?"

Kawu ya daɗe yana juya cokali. Sannan ya ce, "Maliki, sallamata aka yi. Ka ce ya gona."

Wani ya hau gyaran hula, wani ya duƙufa kan burodinsa. Maliki ya goge teburin da ba shi da datti.

"To, Injiniya, ya gona?"

"Gero ya yi, sai dai tsuntsu."

Da na bi ta zaurensa, ƙusar ce kawai a bango. Sabis ya dawo tun ranar, amma labarin tsohuwar Mashi bai sake ba da shi ba, ni kuma har yau ban iya haɗa ido da shi ba.