Ranar da Na Ƙaryata Yaya a Gaban Likita

Ni ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya san haka, kuma ban zo nan in wanke kaina ba. Yayata ce mai haƙurin. Ta girme ni da shekara shida. A ɗaki ɗaya muka tashi a unguwar Karantina ta Jidda, ita tana ɗinki a kan keken Umma, ni ina zuwa sakandare ina dawowa da surutu.

Shekarar da na gama makaranta, bayan alhazai sun watse, zazzaɓi ya bi gidan ya kama mu duka. Kowa ya yi 'yan kwanakinsa ya miƙe, ban da Yaya. Zazzaɓin ya tafi ya bar ta a kan katifa kamar jiƙaƙƙen zane. Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka sake ɗiban jini, takardu duk suka fito fes. Mun yi kusan shekara muna yawo kafin wata likita, mace, a wani ƙaramin asibiti, ta faɗi sunan abin: ciwon gajiya mai ɗorewa. Na yi murna ranar, na ce yanzu mutane za su rufe mana baki. Ina! Wata maƙwabciyarmu da ta ji sai ta ce, "Gajiya? To wa ye bai gaji ba a Jidda? Ni ma a rubuta min."

Duk da haka ba su fasa zuwa dubiya ba, kuma kar a ce na raina zumuncinsu. Mata uku, huɗu, za su shigo bayan la'asar da lemo da ayaba. Yaya tana jin sallama za ta yunƙura ta zauna, ta ɗaura ɗankwali, ta gyara murya. Kowace sai ta yi tata gaisuwar daban. Ya jiki? Da sauƙi. Ya ƙarfin jikin? Da sauƙi, alhamdu lillahi. Haka aka koya mana: ba a kai wa baƙo kuka, ba a yi wa Allah butulci. Su tashi suna cewa, "Ai ta ji sauƙi, ga ta har da dariya." Abin da ba sa gani shi ne washegari. Ciwon nan ba ya kama mutum a lokacin da ya yi wahalar, sai ya bari an kwana. Washegari kofin shayi ma sai na riƙe mata, haske ya dame ta, maganata ta dame ta. Ni kaɗai nake ganin wannan, don ni nake ɗakin.

Wata rana Baba ya dawo daga aikinsa na sito a tashar jiragen ruwa da shafin jarida a ninke a aljihu. Wani abokin aikinsa ne ya yago masa. Akwai hoton wata mata tana hamma a gaban tebur, a sama kuma an rubuta da manyan baƙi cewa masana a ƙasar waje sun gano maganin ciwon: tafiya a ƙasa kullum, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, da kuma daina tsoron motsi. Baba ya baje takardar a gaban Umma kamar wanda ya dawo da kyautar salla.

"Halas, magana ta ƙare," in ji shi. "Daga gobe za ta fara. Ke Auta, ke za ki riƙa raka ta."

Ba mugunta ba ce. Mutum ne da ya yi shekara yana kallon 'yarsa a kwance, ga shi yau an ba shi abin da zai iya yi.

Muka fara da safe kafin rana ta yi zafi, daga ƙofar gida zuwa shagon burodi mu dawo. Gaskiya ni ma na yarda da jaridar. Ina gaba ina cewa, "Yalla, Yaya, ɗaga ƙafa mana, tsofaffi suna wuce mu." Har yau in na tuna sai in ji kunya. A mako na biyu Baba ya ƙara mana har masallaci. A na uku ta daina iya tsefe kanta. Kullum da yamma Baba zai tsaya a bakin ƙofa, don ba ya shiga ɗakin 'yan mata, ya ce, "Ya jikin?" Ita kuma daga bayan labule ta ce, "Da sauƙi, Baba." Ya tafi da murnarsa. Har ya ce ranar komawa asibiti shi zai kai mu da kansa, likita ta ga ci gaba, a ƙara mata tafiyar.

A nan ne na tsorata. Na san in aka ƙara, Yaya ba za ta sake tashi ba, kuma na san ba za ta taɓa buɗe baki ta ce wa Baba a'a ba.

Umma tana da wata mai sayen dambun nama a wurinta, 'yar Kano, ma'aikaciyar jinya, tana zaune a unguwar Safa. Anti muke ce mata. Ranar da aka aike ni kai mata saƙo na tafi da shafin jaridar. Ta sa tabarau ta karanta, ta sake karantawa, ni kuwa ina tsaye kamar zan fashe.

"Anti, gaskiya ne ko ƙarya?"

"Zauna tukuna, sarkin sauri. Ni ban ga binciken da idona ba, kuma ina shakka in mai rubutun nan ya gani. Amma dubi abin da bai faɗa ba. Su wa aka gwada? Masu iya zuwa asibiti da ƙafarsu, ko har da na kwance irin yayarki? Sannan da aka ce sun samu sauƙi, yaya aka gane? An auna wani abu ne, ko tambayarsu aka yi?"

"In an tambaye su ai sun fi kowa sani."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "In aka tambayi yayarki ya jiki, me take cewa?"

Amsar na san ta: da sauƙi. 

Ta ɗauko wani littafin rubutu ta ba ni. Ta ce in daina gardama da baki, kowa ya saba da bakina. In rubuta abin da Yaya ta yi kowace rana, da abin da ya biyo baya washegari da jibi. Ban da ra'ayina, ban da zagi. Na ƙarshen nan ne ya fi ba ni wuya.

Kwana goma sha biyu na yi ina rubutawa. Ranar asibiti Yaya ta yi wanka a zaune a kan kujera 'yar tsugunne, ta huta, ta sa kwalli, ta huta, ta turara abayarta. Na ce, "Wai biki za mu? Ki bari a gan ki yadda kike."

"Ke dai ba ki da tarbiyya," in ji ta, da 'yar muryar da ta rage mata. "In fita gaban mutane buzu-buzu?"

Muka shiga wurin likita, Baba ya zauna a gefe da hularsa a gwiwa. Likita ta dubi Yaya tsaf-tsaf da ita tana ƙamshi, ta tambaye ta da Larabci ya jiki.

"Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Baba ya ciro jaridar yana bayanin tafiyar. Likita ta gyaɗa kai, na ga ta ɗauki biro.

Na ce, "Ƙarya take yi."

Da Larabci na faɗa, da ƙarfi. Baba ya juyo ya yi min wani kallo da ban taɓa gani ba. Ƙanwa ta ƙaryata yayarta, a gaban uba, a gaban baƙuwa. Amma na riga na fara. Na buɗe littafin na hau karatu. Asabar, tafiya har masallaci. Lahadi, ba ta iya tauna burodi ba. Talata, mata huɗu sun zo dubiya. Laraba da Alhamis, ba ta yi magana ba sai da hannu.

Likita ta ajiye biron ta karɓi littafin. Ta daɗe tana juya shafuka. Sannan ta jawo kujerarta kusa da Yaya, ba ta sake cewa ya jiki ba.

"'Yata, yaushe rabonki da yin salla a tsaye?"

Wannan tambayar ba ta da amsar ladabi. Yaya ta dubi ƙasa.

"Tun kafin azumi."

"A zaune fa?"

"Tun da aka fara tafiyar nan, a kwance nake yi."

Baba bai sani ba. Wata bakwai yana gaishe ta ta bayan labule. Na ga ya ninke jaridar, ya sake ninkewa, har ta koma kamar laya.

Likitar nan ban san inda take yanzu ba, amma ina yi mata addu'a. Ba ta kare kanta ba. Ta ce ita ma ta ji labarin, ta ce masana ba su gama magana a kai ba, kuma ita ba ta da maganin da zai warkar. Amma abin da ke gabanta mara lafiya ce da take lalacewa bayan kowace wahala, don haka a dakatar da tafiyar yau. Yaya ta riƙa yin abin da jikinta ya ɗauka ta tsaya tun kafin ta ƙure. Dubiya ma, ta ce, wahala ce, a rage.

Muka hau tasi. Na shirya wa faɗa, har na tsara amsoshina. Da muka sauka Baba ya ce, "Auta, littafin nan ki ci gaba da shi." Shi ke nan. A daren Juma'ar da ta biyo baya ya yi wa mazan unguwa bayani da kansa, cewa duk mai son dubiya ta gaida Umma a tsakar gida, gaisuwa za ta isa ciki. An yi gunaguni, an ce mun zama Turawa, amma Baba ne ya faɗa, sai aka bi.

Yaya ba ta warke ba, kar in yi muku ƙarya. Amma ta daina gangarawa. Bayan wata biyu ta koma salla a zaune, daga baya har takan yi ɗinkin hannu na ɗan lokaci da safe. Na gode wa Allah, na gode wa Anti da ta ba ni takarda maimakon ta biye wa bakina.

Ita dai Yaya, da muka dawo daga asibitin, kwana biyu ba ta kula ni ba. A na uku ina miƙa mata shayi ta riƙe hannuna.

"Da sai ki ce 'ba haka ba ne'. Ƙarya fa kika ce. A gaban Baba."

"Da na ce haka, da kin sake cewa da sauƙi."

Ta yi tunani, ta kurɓi shayin.

"Da na ce," in ji ta. "Ƙaro min sukari, mara kunya."