Ba Wanda Ya Gaya wa Rifkatu

"Malam, me ya sa ake kwashe kujeru a ƙofar gidan Kaka?"

Rifkatu ce a waya, ɗalibata a kwalejin Gidan Waya. Ni na shigar da ita ƙungiyar kula da tsofaffi. Shekara biyu tana hawa mashin duk Asabar zuwa Fadan Kagoma, ta yi wa Kaka Saratu kitso, ta karanta mata Zabura. Jarrabawa ce ta riƙe ta mako biyu.

Na ce, "Rifkatu, jiya aka yi jana'izarta."

Ta ce, "Ga gwaten acca a hannuna, Malam. Ita ta ce in dafo mata."

A zauren WhatsApp na shugabannin ƙungiyar kaɗai aka sanar da rasuwar, 'yan sa kai ba sa ciki. Shugabanni sun je da anko, sun yi jawabi, sun ɗau hoto. Ni ma ina zauren. Na ɗauka wani zai kira ta.

Da na yi ƙorafi, sakatare ya ce, "Sai a ba ta wata tsohuwar."

Rifkatu ba ta koma ba.

Jama'a, da wane bakin zan ce ta dawo?