Madatsar da maigidana ya bari a kwari

Shekarun baya da dama ke nan, muna zaune a wata mazra'a, wato gonar dabino, a gefen Badar, inda maigidana, Allah ya jiƙansa, yake aiki. Ni ban iya rubutu ba, jikata ce take rubuta wannan.

Rijiyar gonar ta soma ja baya, ruwanta ya yi gishiri. Sai maigidana ya shiga busasshen kwarin da ke bayan ɗakinmu yana jera duwatsu, yana cusa ganyen dabino da laka a tsakani. Ya ce idan sel ya zo, wato ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu, madatsar za ta tsayar da shi ya nutse cikin ƙasa. Nakan kai masa shayi in zauna ina yi masa tsiya, in ce tsoho yana tare wa yashi hanya. Yakan ce in bari dai in gani.

Bai gani ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin a yi ruwa.

Ina cikin takaba sel ya zo, da rana tsaka, sama fes a kanmu. Can cikin duwatsu aka yi ruwan. Na ji ƙara kamar ta manyan motoci, sannan aka buga ƙofa. Maƙwabcinmu ne na ƙasa, wani dattijo Balarabe mai ƙananan dabino da bai daɗe da dasawa ba. Daga bayan ƙofa ya yi magana. Ya ce ruwa ya taru a bayan madatsa yana hawa, in ta fashe gaba ɗaya za ta share masa shuka. Al'adar wurin ita ce na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Maigidana ya bar mafita ya toshe da kututturen dabino, amma jan ruwa ya rufe komai, kuma dattijon ba ya taɓa madatsar wani ba da izini ba. Mai gonar yana Madina, jawwal ɗinsa, wato wayarsa, ba ya shiga.

Gabana ya faɗi, ba don dabinon ba. Tunanina shi ne mutumin nan yana kwance a kabari, aikin hannunsa zai cuci maƙwabci, ga shi ba shi da bakin neman gafara. Haƙƙi zai bi shi har can.

Na ja mayafi na fito. Ni da ko a bokiti ruwa ya yi yawa sai in yi baya, ga ni a bakin kwari. Na san wurin, domin a kan dutsen da ke kusa da mafitar nake ajiye masa shayi. Na shiga. Ruwan ya kai min gwiwa, ya kai cinya, sanyi kamar ƙanƙara, itatuwa suna bugun ƙafata. Ina jin duwatsun madatsar suna motsi. Dattijon yana ta cewa, "Ya Hajja, irja'i, koma," ni kuwa ina lalube da ƙafa ina kiran sunan Allah, har yatsuna suka taɓa igiyar da maigidana ya ɗaura wa kututturen. Na sunkuya na ciro ta na jefa masa. Ya ja, na ja, ya ƙi. Muka sake ja, sai ya fita, ruwa ya bi mafitar, ni kuma na zauna daɓas cikin laka da kayan takabata.

Madatsar ba ta fashe ba, amma gefe ɗaya ya zube, ya kwashe wasu daga cikin ƙananan dabinon. Washegari dattijon ya zo gaisuwa. Tambaya ɗaya ce a bakina.

"Ya ammi, ka yafe masa?"

Ya ce, "Wallahi na yafe, duniya da lahira. Allah yarhamu."

Rijiyar gonarmu da ta dattijon duk ruwansu ya tashi a shekarar.

Kwanaki jikata ta nuna min wata dabba a waya, mai kama da gafiya, tana yanke itace da haƙori tana tare rafi da laka, har busasshiyar ƙasa ta yi kore. Yaran gidan suna dariya, ni kuka nake yi. Na tambaya ko ita ma tana barin mafita don na ƙasa. Jikata ta amsa da Larabci cewa ba ta sani ba.

Yanzu ina Madina wajen 'yata, dattijon ma ya rasu. Amma har yau in na ga hadari ya haɗu a kan duwatsu, sai in maimaita wa kaina maganarsa kalma kalma, don in tabbata na ji shi da kyau.