Ƙirgan Masu Hijira a Dutsen Hada

Hindawiyya

Muna idar da sallar asuba muka fito za mu dutsen Hada, ni da Kawu Bala, ƙanen Ummana, mai tuƙa motar kaya a wani sito a Khumra. Tun ina karatun halittu a Kano nake jin cewa duk kaka shaho da shirwa da gaggafa kan baro ƙasashen sanyi, su bi saman duwatsun Hijaz su yi kudu, su tsallake teku ta wajen Yaman zuwa Afirka. Masu sha'awar tsuntsaye kan hau dutse su ƙirga su, su tura wa juna adadin ta waya. Na daɗe ina mafarkin idona ya shiga cikin wannan lissafi.

Da na buɗe motar sai na tarar da Goggo Dije, yayar babana, zaune a baya, ta rungume fulas ɗin shayi. Umra ta kawo Goggo tun ina firamare, ba ta koma ba. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Waina take toyawa a ɗaki ana saye, kuma rabonta da wuce lungunan unguwarmu har ta manta.

"Goggo, akwai shingen bincike a hanya," na ce.

"Na ji. Ba ke kika ce gida tsuntsayen za su ba? Zan raka su da ido."

"Hajiya, in aka tambayi takarda sai tarhil fa," in ji Kawu. Tarhil shi ne inda ake tsare marasa takarda kafin a mayar da su ƙasarsu.

"Bala, tada mota. Rana za ta yi mana."

Bahra

A Bahra muka tsaya muka sayi ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi. Kawu ya zaɓi hanyar da ke kewaye Makka, wai ta fi sauƙin bincike. Shinge na farko, askarin, wato jami'in tsaron wurin, ko ɗago kai bai yi ba, hannu kawai ya kaɗa mana. Na ji Goggo tana jan carbi da sauri, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ruwa na ɗiga a kwano.

Don in rage shirun, na shiga koya wa Kawu sunan abin da za mu gani da Larabcin littafi: ɗuyur muhajira, wato tsuntsaye masu hijira. Larabcinsa na bakin sito ne. Ya maimaita sau biyu, ya ce halas, wato shi ke nan, ya riƙe.

Gindin dutse

Hantsi ya ɗaga lokacin da dutsen ya tsaya a gabanmu, baƙi, kansa cikin gajimare. Daidai inda hanya ke fara nannaɗewa sama muka tarar da shinge na biyu. Wannan karon hannun bai kaɗa ba, gefe ya nuna.

Askarin matashi ne, siriri. Ya leƙo, idonsa ya sauka kan madubin hangen nesa da ke cinyata, wanda a nan ake kira darbil.

"Na mene ne wannan?" ya tambaya da Larabci.

Kafin in buɗe baki Kawu ya riga ni, da fara'arsa. "Nihsib muhajirin! Suna wucewa ta kan dutse da yawa, mu kuwa muna ƙirgawa."

Ya yar da tsuntsayen a hanya. Abin da ya faɗa shi ne muna ƙirga baƙin haure, a ƙasar da ake farautar masu safarar mutane ta duwatsu. Fuskar askarin ta canza.

"Kashe mota. Ku fito. Iƙama."

Kawu ya miƙa tasa, na miƙa tawa. Na yi ta jero bayani, kalmomin makaranta suna tsere mini. Bai saurare ni ba. Ya duba katunan, ya buɗe bayan mota ya rufe, sa'an nan ya juya wajen Goggo, wadda ta fito a hankali tana dafe da ƙofa. Ya miƙa mata hannu, tafinsa a sama.

"Ya khala," ya ce, wato inna, "iƙama."

Na ga ɗakinta a raina, da kaskon waina, da tabarmar sallarta a naɗe. Na ce shi ke nan, ni na jawo mata.

Goggo ba hannun take kallo ba. Ta ɗaga kai, ta kare rana da tafi.

"La ilaha illallahu. Rumaisa, ga su nan."

Sama da kafaɗar dutsen, iska mai ɗumi ta ɗauko tsuntsayen. Suna juyawa a hankali, wani bisa wani, babu mai kaɗa fiffike, kamar ana dama fura a ƙwarya mai faɗin sama. Goggo ta nuna su da carbinta, ta dubi askarin.

"Muhajirin, ya waladi," ta ce, wato ɗana.

Askarin ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallonsu. Sa'an nan hannun da ya miƙa wa Goggo ya juyo wajena, ya karɓi darbil ɗin.

"Na saman can uƙab ne," ya ce, wato gaggafa. "Babana yakan fito da mu mu gan su." Ya dubi Kawu. "Ɗuyur, ya shaikh! Ka ce ɗuyur!"

"Ɗuyur, wallahi, ɗuyur," in ji Kawu, gumi har haɓa.

Askarin ya mayar mana da katunan biyu. Ya sake duban Goggo, kallon da na tabbata ya gane komai. Wata babbar mota ta yi hon a bayanmu.

"Yalla," ya ce, wato ku wuce.

Hada

A sama akwai sanyi, da birai a kan katangar hanya. Na zauna bakin kwari ina ƙirga goma-goma, yadda aka koya mini, amma lissafin ya yi ta ɓace mini. Duk motar da ta rage gudu sai in waiga. Goggo kuwa ta gane shirwa da wutsiyarta mai baki biyu, ta ce irinsu ne ke ɗauke mata 'yan tsaki a Funtuwa.

"Wai har can za su kai?"

"Wasu, wataƙila, Goggo."

"Ba a tambayarsu komai?"

Na mayar da idona kan darbil. Da yamma muka sauko.

Gida

A dawowa babu wanda ya tsayar da mu. Muka shigo Hindawiyya ana kiran magariba, Umma na tsaye a ƙofa tun la'asar. Goggo ba ta cire mayafi ba ta ce in kira mata 'yarta Hadiza a Funtuwa.

"Hadiza, in kin ga shirwa ta iso, ki sani na riga ki ganinta." Ta gyara riƙon wayar. "Kuma ki sa a share mini ɗakina. Da ƙafata zan je wajen hukuma in ce su kai ni gida, ba sai an kama ni a hanya ba."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya fitar da mu uku, Ya dawo da mu uku. Na gode wa Kawu Bala, wanda har yau yaran gida ke kira Muhajirin. Adadin da na tura wa masu ƙirga na san bai cika ba. Akwai ɗaya mai shirin komawa gida da ban sa a ciki ba.