Ranar da Ƙasa Ta Yi Yaji

Ban taɓa mantawa da ranar Juma'ar da wata kalma ta suɓuce mini a baki ta ceci shirin Hausa a gidan rediyonmu ba. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da shirin zaune daram, da sunansa da lokacinsa, kuna zaton haka aka halicce shi. To ku gyara zama, yau zan gaya muku yadda aka yi.

A lokacin shekarata goma sha ɗaya a aiki, ni ce mai gabatarwa kuma mai fassara a sashen Hausa. Da na ce sashe kada ku ɗauka wani babban abu ne, ni kaɗai ce sashen. Tasharmu ƙarama ce, ta al'umma, a nan Garwa. Faransanci yana da labarai da sanarwar hukuma, Fulatanci ya kwashe yawancin yini tunda shi ne harshen gari, ni kuma aka yaga mini rabin awa ranar Juma'a bayan la'asar. Aikina in ɗauki labaran da aka rubuta da Faransanci in juya su Hausa in karanta, in akwai baƙo in yi masa tambayoyi. Minti goma na ƙarshe a buɗe layin waya don masu sauraro. Wayar nan kuwa, wallahi sai ta yi wata biyu ba ta yi ƙara ba. In ta yi, to wani ne ya yi kuskuren lamba yana neman kantin magani.

Shugaban tasha a lokacin Misye Hamadu ne, muna ce masa Shef. Bafulatani ne dogo, mai tsabta, mai son ƙa'ida, ba mugu ba ne ko kaɗan. Hausarsa ta kasuwa ce: ya iya taya kaya, ya iya cewa sun yi tsada, shi ke nan. Wata Litinin cikin zafin bazara ya kira ni ofis, ya yi mini magana da Faransanci kamar kullum.

"Madam Asabe, ba ni da wani ƙorafi a kan aikinki. Amma da wa kike magana? Shirin Fulatanci waya ba ta hutawa, naki shiru. Ina tsara sabon jadawali. Juma'ar nan ki yi muhawara a kan batun ficewar nan da kowa ke magana a kai. In mutane sun kira, shirin ya zauna. In ba su kira ba, zan sa kiɗa a wurin, ke kuma ki koma ofis kina buga takardu."

Na ce, "To, Shef," na fito. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na tsorata. Kakana daga Kano ya zo garin nan da fatauci, a nan aka haifi babana, a nan aka haife ni. Mu 'yan tsiraru ne, 'ya'yanmu Fulatanci a titi, Faransanci a lakol, wato makarantar boko. Rabin awan nan shi kaɗai ne lokacin da tasharmu ke magana da Hausa. Ban so a ce a hannuna ya mutu ba.

Batun kuwa shi ne wata ƙasa ta Sahel ta sanar za ta fice daga ƙungiyar ƙasashen yankinta, ƙungiyar da ta sa mutane ke tsallaka iyaka da kayansu ba tare da wahalar takardu ba. Ba ƙungiyarmu ba ce, mu Kamaru muna cikin wata daban, amma 'yan kasuwarmu da yawa suna da dangi da abokan ciniki ta can. Na nemo baƙi biyu. Na farko Malam Bulus, malamin tarihi a lise, wato babbar sakandare. Kirista ne ɗan duwatsun Mokolo, a kasuwa da coci ya koyi Hausa, kuma yana goyon bayan ficewar. Na biyu Alhaji Garba mai albasa, wanda ƙannensa biyu ke zaune a ƙasar, shi kuma bai yarda da ficewar ba sam.

Kwana uku ina fassara. Na zauna na ƙera jimloli masu nauyi, irin su "janyewa daga yarjejeniyar haɗin gwiwar tattalin arziki". Na rubuta takardar tsarin shiri, wadda ke nuna abin da za a yi minti bayan minti, na ba Zakari kwafi. Zakari shi ne teknisiyan ɗinmu, yana zama bayan gilashi da na'urorinsa, shi ke buɗe makirfo, shi ke haɗa waya. Ƙa'idar situdiyo kun san ta: da zarar jar fitila ta kama a saman ƙofa, ba mai shiga, ko da Shef ne da kansa.

Juma'a ta zo, fitila ta kama, na yi sallama na gabatar da baƙi. Kai jama'a! Makirfo yana da wani aljani da ke sa mutum ya manta harshen da ya tashi da shi. Malam Bulus ya gyara tabarau ya fara, "Batu ne na suberente, kowace ƙasa tana da durwa ta denonse tirete." Alhaji Garba, mutumin da in yana ciniki a kasuwa sai ka yi dariya har cikinka ya ƙulle, shi ma ya ga ba za a bar shi a baya ba. Sai ga shi yana ta "libir sirkilasiyo, libir sirkilasiyo", kamar mai karanta takardar magani. Ni kuma ina tsakiya ina zuba musu tawa Hausar mai nauyi.

Minti goma sha biyar suka wuce a haka. Zakari ya tausaya mini ya buɗe layi tun kafin lokaci. Shiru. Na sake karanta lambar waya a hankali, har sau biyu. Shiru. Ya kalle ni ta gilashi ya girgiza kai. Gumi ya jiƙa mini ɗankwali, ina ganin kaina a gaban injin buga takardu har ranar ritaya.

Ban san lokacin da na ture takarduna gefe ba. Na katse Malam Bulus a tsakiyar jimla, abin da ban taɓa yi wa baƙo ba.

"Don Allah, Malam, ku dakata. Ni fa ban gane ba, in kuwa ni ban gane ba, gwaggona da ke gida ba za ta gane ba. Ƙasar nan, yaji ta yi ko saki ta nema?"

Ku 'yan sashen Fulatanci da ke nan, bari in warware muku. Yaji shi ne mace ta ji haushin miji ta tattara ta tafi gidan iyayenta, amma aure bai mutu ba. Biko kuma shi ne a bi ta, a ba ta haƙuri, a dawo da ita.

Na ce a raina, Asabe kin gama da kanki, kin kawo zancen tsakar gida cikin siyasar duniya. Sai Alhaji Garba ya fashe da dariya har hularsa ta zame. Malam Bulus ya cire tabarau, ya yi ɗan tunani, ya ce da Hausa tsantsa, "To, Madam, ta dai miƙa takarda. Amma akwai wa'adi kafin fitar ta tabbata, kuma cikin wa'adin tana iya fasawa."

"Ashe idda take yi!" in ji Alhaji. "Ana iya kome ke nan!"

A nan waya ta yi ƙara. Wallahi sai da na zabura, don na manta irin kukanta. Direban taksi ne mai jigila tsakanin Garwa da Pitowa.

"Anti Asabe, na faka a gefen hanya, fasinjojina sun hana ni tuƙi sai na kira. Tambayarsu ɗaya: wa aka tura biko?"

Kafin Malam Bulus ya gama bayanin jakadun da ake aikawa don sasanci, wata mata ta shigo layi, mai sayar da busasshen kifin tafkin Maga a babbar kasuwa. Ba ta ko tsaya dogon gaisuwa ba.

"Mace ba ta yin yaji haka kawai! Kuna ta cewa ta fita, ta fita. A tambayi mutanen gidan, me suka yi mata?"

Malam Bulus ya buga tebur don murna. "Yauwa, Hajiya! Abin da nake ta son faɗa ke nan!" Ya zayyana ƙorafin ƙasar dalla-dalla, cewa tana ganin lokacin da ta shiga matsala ba a tsaya mata ba, sai ma aka kulle mata ƙofa. Ko kalmar Faransanci ɗaya bai sa ba. Alhaji Garba ya karɓe. "Na ji, an ɓata mata. To 'ya'yan fa? 'Yan kasuwa da makiyaya da ɗalibai, su ne 'ya'yan gidan nan. In uwa ta tafi, ƙanena da ke da shago a can da mata a ƙetaren iyaka, ɗakin wa zai kwana?" Daga nan muhawara ta kama wuta, irin wadda nake mafarki shekara goma sha ɗaya. Wani ya ce wa zai ɗauki kayan ɗaki, wato ayyukan da aka gina tare. Wani ya ce ai yajin nan ya yi zafi da yawa, a sassauta.

Ashe duk wannan Shef yana ofis yana ji ta lasifikar bango. Shi kuwa yaji ɗaya ya sani a duniya, wanda ake barbaɗa wa nama a wurin mai soya, wato mai tsire. Yana ta jin "yaji, yaji, yajin ya yi zafi". Ina cikin magana na ɗaga kai, sai ga shi tsaye bayan gilashi, fuska a murtuke. Jar fitila ta hana shi shiga. Ya fizgi takarda ya yi rubutu da manyan baƙaƙe ya manna a gilashi: PIMENT, wato barkono, da alamar tambaya har uku.

Na ciji leɓe don kada dariya ta fita ta iska. Zakari kuwa ya kife kai a kan na'ura, kafaɗunsa na rawa. Da ƙyar ya saka ɗan kiɗan hutu ya kashe fitila. Shef ya faɗo ciki, yau har da Hausarsa.

"Madam Asabe! Na ba ki siyasa, ke kina sayar da yaji?"

Alhaji Garba ne ya riƙo hannunsa ya yi masa bayani da Fulatanci, a hankali, kamar mai lallashin ango. Muna kallon fuskar Shef tana saki kaɗan-kaɗan. Ya kalli wayar, fitilun layi duka suna ƙyaftawa. Ya kalle ni. Sai ya sunkuyo ya ce a hankali, "To, an je bikon?"

Muka kwashe da dariya gaba ɗaya, har da shi. Ya juya ya ce wa Zakari a ɗage kiɗan da ke biye da mu, a ci gaba. Ya jawo kujera ya zauna a kusurwar situdiyo har aka gama.

Kira na ƙarshe shi ne wanda ya tsaya mini a rai. Wata tsohuwa ce daga Pitowa, ta ce sunanta Iya Hauwa, manomiyar auduga.

"'Yata, shekara da shekaru ina jin muryarki. Rediyona na rataye a rumfa, ko Juma'a ɗaya ba ta wuce ni. Ban taɓa kira ba, don na ɗauka da masu lakol kike magana. Yau na ji ashe da mu ake."

Na ce, "Da ku ake, Iya."

"To ki gaya wa manyan nan. Ni na yi yaji sau uku, sau uku aka zo biko, yanzu jikokina sun cika gida. Mai zuwa biko ya ajiye sandarsa a gida. Ita kuma mai yajin ta iya bakinta a kan dangin miji, don wataƙila za ta dawo ta sha ruwa a randarsu."

Malam Bulus ya ce ai Iya bayansa ta goya. Alhaji Garba ya ce ƙarya ne, bayansa ta goya. Suna wannan musu na rufe shiri, hawaye na zuba, ina dariya. Suka fita tare, Alhaji ya rage wa Malam hanya a motarsa, har bakin ƙofa ana jin gardamarsu.

Litinin na zo aiki ban san matsayina ba, don Shef bai ce mini komai a kan makomar shirin ba ranar Juma'a. Na wuce allon sanarwa inda ake manna jadawali. A layin Juma'a bayan la'asar, an ba Hausa cikakkiyar awa. A wurin suna, da rubutun hannun Shef, irin na wanda ya yi lakol da Faransanci, an sa YADJI DA BIKO. Da na shiga ofis kuma, ga ƙullin yajin soya a kan teburina, da 'yar takarda mai kalma ɗaya ta Fulatanci: useko, wato na gode.

Shi ya sa har yau kuke ganin harafin D ɗin nan a sunan shirin. Sau biyu masu gyara suka so cire shi, na ce sai bayan na bar gidan nan, kuma ko na bari ina roƙonku ku ƙyale shi.

Abin da ranar ta koya mini ke nan. Shekara goma sha ɗaya ina fassara daidai, ba wanda ya taɓa kama ni da kuskure, kuma ina ganin laifin mutane ne da ba sa kira. Ashe suna nan, rediyo a rataye, suna jira in yi magana da su. Mutanenmu sun san rikici da sulhu tun kafin a kafa wata ƙungiya, a tsakar gida suka koya. Don haka in kun zauna gaban makirfo da takardarku mai nauyi, kafin fitila ta kama ku tambayi kanku ko Iya Hauwa za ta ɗauki waya. Ta ci gaba da kiran mu kowace Juma'a har Allah ya yi mata rasuwa, kuma kullum da tambaya ɗaya take farawa: "'Yata, yau wa ya yi yaji?"