Shafin da Yaya Ya Bari a Buɗe

Yayana ya bar mana shafi ɗaya a buɗe cikin wata tsohuwar kwamfuta, ya ce kada a rufe, sannan ya tafi cin rani Legas. Lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, kuma tun rasuwar Baba in ya tafi mu biyu ne da Inna a gida.

A Kano ya sayo kwamfutar, irin waɗanda aka kulle, ba ta karɓar wata manhaja sai buɗe shafukan intanet kawai. Duk wanda ya gani sai ya ce an cuce shi. Yaya kuwa a taurin kai ba na biyunsa. Ya bincika har ya gano wasu sun ɗauki tafintan wani harshen kwamfuta, wato manhajar da ke karanta umarnin da ka rubuta ta aikata shi nan take, sun sake haɗa shi yadda zai zauna cikin shafin intanet ya yi aiki a can. Sai dai abin yana da nauyi, rezon garinmu Matameye, wato sabis ɗin waya, ya kasa jawo shi. Yaya ya sha tsayawa a bakin zaure ya ɗaga kwamfutar sama kamar mai tallan goro, a banza. Daga ƙarshe Damagaram ya je, ya sauke shafin a ofishin wani abokinsa, ya rufe murfin ba tare da ya kashe ba. A taksi ya rungumo ta a cinya, direba na ta mita wai a sa ta cikin kaya.

Da zarar shafin ya sauka ba ya ƙara neman rezo. Amma duk abin da ka rubuta a ciki, a cikinsa kaɗai yake zaune. In an rufe shafin, ko batir ya mutu, shi ke nan.

Daminar nan in ya dawo daga gonar gero sai ya zauna gindin darbejiya yana ƙwanƙwasa. Ya koya mini kaɗan, da faɗa, don Yaya bai iya koyarwa ba. Ana gobe zai tafi ya kira ni, ya nuna mini kalma ɗaya da zan rubuta in danna. Na danna. Sai layi ya fito: "Inna, a ajiye mini ƙanzo." Na sake dannawa: "Inna, furar yau ruwa ya yi mata yawa."

"Da yawa na zuba," in ji shi. "Ita ke zaɓo wa kanta, ko ni ban san wadda za ta fito ba. Ki riƙa karanta wa Inna."

Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, "yaron nan" take cewa, kuma ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya suna hira ba. In ya kira waya daga Legas, iyakarta "Lafiya? To madalla, Allah ya tsare," ta miƙo mini wayar kamar tana ƙona ta. Shi ma haka yake da ita. Abin ya sha ba ni haushi, mutum biyu suna son juna amma kunya ta ɗaure musu baki.

Ranar farko da na karanta mata, ko juyowa ba ta yi ba, tana tankaɗe. Ta ce, "Ashe bai bar shirme ba." Washegari bayan la'asar sai na ji ta ce, "Akwatin nan fa, yau bai ce komai ba?"

Daga nan ya zama doka. Sau ɗaya a rana, bayan la'asar, in ɗaga murfi, in danna, in karanta, in rufe. Wata rana ya ce ta rage yi wa akuyar maƙwabta faɗa. Wata rana ya tambaye ta ƙafarta. Ita kuma ta riƙa ba shi amsa, amsar da ba ta taɓa ba shi ido da ido ba. "Ƙafa da sauƙi. Kai dai ka riƙa cin abinci." Da yawa suna maimaituwa, ta ƙanzo ma har na gaji da ita, amma jefi-jefi sai sabuwa ta faɗo. Ranar da sabuwa ta faɗo, Inna kan ƙara wa miya man shanu.

Kwamfutar ta zama jaririyar gidan. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, in naɗe ta a zane in kai wa mai cajin waya a tasha, in tsaya a kanta kada wani ya taɓa. Damina ta zagayo, mazan unguwa suka dawo noma, ban da Yaya. Ya samu aiki a shagon gyaran waya, ya ce baɗi. Ƙanen Baba ne ya noma mana gonar.

Ni na san kalmar da zan rubuta duk jerin maganganun ya fito gaba ɗaya. Na ce, "Inna, bari in buɗe su duka in ɗauki hoto da waya, ko da abin ya mutu."

"In kin buɗe duka, gobe me zai ce?"

"Ai sai in riƙa karanta miki daga hoton."

"Wannan ke ce ke zaɓa. Bar shi ya zaɓa da kansa."

Na so in gaya mata ba shi ke zaɓa ba, inji ne ke jefa ƙuri'a. Na dubi fuskarta na rufe murfin.

A bazara ta biyu aka yi kwanaki ba kuran, da ta dawo kuma ta dawo da ƙarfi ta ƙone abin cajin. Na zaga kasuwa kaf, ba irinsa a Matameye. Na ba wani direba saƙo Damagaram, ya ce sai ranar kasuwa. Batir kuwa kullum raguwa yake ko murfi na rufe. Har aka kai ranar da alamar batir ta yi ja, na san ba za ta kai gobe ba.

Na zauna gaban Inna da kwamfutar a cinya da waya a hannu. Na ce, "Inna, yau ce ta ƙarshe. Don Allah ki bari."

Ta daɗe tana kallon murfin. Na ɗauka ta yarda, har na shirya wayar.

"Danna sau ɗaya, kamar kullum," ta ce.

Raina ya ɓaci, amma na danna. Na yi ta fatan sabuwa ce. Sai ga ta ƙanzo.

"An ajiye," in ji Inna. Ta tashi ta shiga madafa.

Da abin caji ya iso na kunna, shafin fari fat. Daga baya na je Damagaram na sake sauke shi. Tafintan ya dawo lafiya lau yana jiran umarni, amma bai san Inna ba, bai san ƙanzo ba.

Na kira Yaya na gaya masa. Ya yi dariya, ya ce bai zaci shafin zai kai wata biyu ba. Na ce ya sake rubuto maganganun, ya ce ai ya manta yawancinsu. Sai dariyar ta tsaya.

"Ta ƙarshen fa, ta taɓa fitowa?"

"Wacce? Me ta ce?"

Ina jin hayaniyar motocin Legas a bayansa.

"In da ta fito da kin sani," ya ce. "Bari kawai."

Na rasa ko in gaya wa Inna. Na kwana biyu da abin a raina, sannan na gaya mata, tare da ƙorafin cewa da ta bar ni da yanzu mun san ko mece ce. Tana kankare gindin tukunya, ba ta ɗago ba.

"Da kin karanta mini da bakinki," ta ce. "Ya zo ya faɗa da nasa."

Yanzu ina koyarwa a Kance, kuma da irin wannan shafin nake nuna wa ɗalibaina yadda ake ba inji umarni. Abu na farko da nake koya musu shi ne su adana aikinsu. Ina kewar Yaya, ina kewar la'asar ɗin nan da muryata ce amma maganarsa. Ya yi aure a can, kowace shekara yana cewa baɗi.

Duk ƙarshen mako in na koma gida ina iske ƙanzo a ƙwarya, an shanya an rufe da faifai. Ba wanda ke taɓawa. In ya kwana biyu Inna ta jiƙa wa kaji, ta ajiye sabo.